Gilashin kyamara na biyu: in saya ko in haƙura?

Ɗan Koyo

Assalamu alaikum manyana. Da waƙa na kawo tambayata, ina roƙon a ba ni amsa da waƙa.

Da sunan Allah zan fara,
Ya buɗe mini ƙirji da bakina.

Gaisuwa gare ku masu kyamara,
Malamai da yayye da ƙannena.

Shekara biyu ina ɗaukar hoto,
Gilashi ɗaya tak ne a hannuna.

Wanda ya zo tare da kyamarar,
Tsawonsa milimita 18 zuwa 55, abokina.

Ƙaramar lamba fili take ɗauka,
Babba ta jawo na nesa zuwa gabana.

Da shi na ɗauki hanya da gajimare,
Da inuwar bishiya a ƙofar gidana.

Da shi na ɗauki 'yata tana rarrafe,
Yau ga ta tana tafe tana kirana.

To amma kwanan nan wata sha'awa
Ta samu wuri ta zauna a raina.

In na ga hoton wani ya yi kyau,
Sai in ce gilashi ne babu a wurina.

Wani ya ce 50 zan nema,
Wani ya ce 70 zuwa 300 ne maganina.

Kuɗin kuwa a hankali na tara su,
Ba tsintuwa ba ce, ruwan gumina.

Ba sana'a nake yi da hoto ba,
Na yau da kullum ne, ni da iyalina.

Ku faɗa mini, in ƙara na biyu,
Ko in riƙe na farko in kama kaina?

Mai Son Tsuntsaye

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai ga tawa.

Ƙanena na ji kukanka,
Na taɓa tsayawa a matsayinka,
Abin da 55 ya hana ka,
Dogon gilashi yana iya jawowa.

Tsuntsu a reshe can nesa,
Ka matsa taku ɗaya ya tashi bisa,
Ka dawo da hoton reshe da ƙasa,
Shi kuwa ya tafi ba dawowa.

Yarinya tana wasa a fili,
In ta gan ka kusa sai ta sauya hali,
Daga nesa kake samun na asali,
Dariyar da ba a yi don nunawa.

Daren da wata ya cika ya haska,
A 55 ɗigo ne, ba ka ganin fuska,
A 300 tabonsa zai fito maka,
Ka zauna kana ta ƙirgawa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka,
Nauyinsa zai zauna a wuyanka,
In kuwa rawa ta kama hannunka,
A 300 hoton sai girgizawa.

Don haka ƙyaftawar kyamara ta yi sauri,
Ɗaya bisa 500 na daƙiƙa ya fi tsari,
Da rana tsaka abin ba ya tsauri,
Da magariba yake ƙin amsawa.

Malam Tsohon Hannu

'Yata Mai Son Tsuntsaye ta faɗi gaskiyar tsuntsu, amma ɗana, ban ji ka ambaci tsuntsu a waƙarka ba.

Ɗana ka matso ka saurara,
Gilasai na saya na tara,
Huɗu na akwati suna jira,
Ɗaya ne kullum a kan kyamara,
Sauran ba su ga rana ba.

Gilashin da aka bari cikin laima,
Fumfuna takan samu dama,
Ta shimfiɗa yana daga ƙasa har sama,
Ka kai wa mai gyara kana nema,
Wani sa'in ba za ta fita ba.

Duk sauya gilashi a kan hanya,
Cikin kyamara ka buɗe wa duniya,
Ƙura ta shige ta kwanta a baya,
Ɗigo ya fito a sama wuri ɗaya,
A hoto ɗari bai gusa ba.

Jaka in ta cika ta danne kafaɗa,
Wata rana sai ka bar ta a gida,
Ran nan haske zai yi kyan da ba a faɗa,
Ka tsaya da hannu biyu kana shaida,
Ba ka ɗauki ko ɗaya ba.

A 1925 kyamarar Leica ta shigo kasuwa,
Daga Jamus, ƙarama mai daɗin riƙewa,
Gilashinta 50 ne, ba a cirewa,
Ba ya nisantawa, ba ya jawowa,
Hakan bai hana ta suna ba.

Henri Cartier-Bresson, mai hoto na Faransa,
Leica ce kullum a hannunsa,
Da 50 ya yi mafi yawan aikinsa,
Ya je Indiya da Sin da ita a wuyansa,
Duniya ba ta manta hotunan ba.

Ido shi ke gane haske,
Ƙafa ta kai ka inda yake,
Haƙuri ya tsayar da kai a farke,
Har lokacin ya zo ka ɗauke,
Waɗannan ba a taɓa sayar da su ba.

Shawarata ka bar kuɗinka,
Ka ƙara shekara da na hannunka,
Ka san shi kamar yatsunka,
Sannan in ka ga ya gaza maka,
Ba zan ce kada ka ƙara ba.

Ɗan Koyo

Malam na gode, na ji nasiha,
Ta wuce kunne ta zauna a ƙirjina.

Amma akwai abin da ban faɗa ba,
Shi ne ainihin ciwon raina.

Da rana hotuna suna fita tas,
A ɗaki da dare aikin ya fi ƙarfina.

Daren da 'yata ta fara taku,
Daga hannun uwarta ta nufo wurina.

Na ɗauka, na sake, na sake ɗauka,
Duk dishi-dishi, sai inuwa a gabana.

In na kunna filasha fuska ta yi fari fat,
Ta runtse ido ta kau da kai daga gefena.

In na ɗaga ISO, ƙarfin jin haske na kyamara,
Kamar an watsa yashi a kan aikina.

Takun farko ba ya dawowa, Malam,
Shi ya sa zancen gilashi ya hana ni barcina.

Mai Lissafi

Yanzu ka yi magana, ƙanena. Ai waƙarka ta biyu ce ke ɗauke da tambayar.

Yanzu ciwon ya nuna wurinsa,
Ba nisa ne ya hana ka samunsa,
Haske ne ya yi ƙaranci a kansa,
Bari mu bi maganar mu daidaita.

Gilashinka yana da ƙofar haske,
A 18, f/3.5 ce iyakar da take,
Ka jawo zuwa 55 ka sake,
Ta koma f/5.6, ta ƙuntata.

Lamba babba, ƙofa ƙarama,
Haske kaɗan ne zai samu dama,
Kyamara sai ta daɗe tana nema,
Kafin ta rufe, yarinya ta ɗaga ƙafarta.

Dogon da 'yar'uwata ta yaba maka,
A ƙarshensa kan f/5.6 zai tsaya maka,
A fili da rana zai yi maka,
A ɗaki kuwa duhun zai tsananta.

Akwai tsayayye, ba ya jawowa,
Har f/1.8 yake iya buɗewa,
Kan f/5.6 in kana aunawa,
Kusan ninki 10 haske ke yawaita.

Wannan ninkin shi ke sayo sauri,
Ɗaya bisa 15 da ke ɓata tsari,
Ya koma ɗaya bisa 125 ko ƙari,
Takun yarinya ya tsaya ka gan ta.

Sai dai ƙofa in ta buɗe sosai,
Wurin da ke fita tas kaɗan ne kawai,
Ka ɗora saiti a kan ido dai,
Bango ya narke a bayanta.

Faifan hasken kyamararka APS-C ne,
Bai kai na fim mai faɗin milimita 35 ba, ƙarami ne,
Duk tsawon gilashi sai an ninka ne,
Da 1.5, in Canon ce da 1.6 ka lissafta.

50 kamar 75 zai zame maka,
A ɗaki ka ja baya bango ya tare ka,
35 kuwa kamar 52 zai ba ka,
'Yar ta shiga, har da hannun da ke riƙe ta.

Ka ga ni da Malam ba mu saɓa ba,
Gilashi ɗaya ya yaba, ban musa ba,
35 a kyamararka bai yi nisa ba
Da 50 na Bafaranshen da ya ambata.

Kafin ka taɓa kuɗin nan naka,
Buɗe hotunan shekara a kwamfutarka,
Kowane na ɗauke da tsawon da ka ɗauka,
Bayanan EXIF na cikin hoton sun riga sun rubuta.

Sannan ka tsai da naka a 35 ba juyawa,
Ka liƙa masa salatif ya daina motsawa,
Kwana 7 kana fita kana dawowa,
In bai dace da kai ba za ka fahimta.

In ka tashi, duba mahaɗin kyamara,
Nikon na da F da Z, ka lura,
Canon EF da RF ta ƙera,
Kowanne da bakinsa, kada ka manta.

Ƙari ɗaya wanda bai shiga waƙa ba, don kada in yi maka coge: ninki 10 ɗin a ƙarshen 55 ne. A 35 ƙofar naka ta ɗan fi buɗewa, ribar takan kama daga ninki 6 zuwa sama. Ko hakan ya ishi ɗaki.

Malam Tsohon Hannu

Da ka ambaci dare tun farko,
Da wata amsar na ɗauko,
Mai Lissafi ya sa na sauko,
Sai dai ina da sauran riƙo,
Ban saki duka maganata ba.

In fitila tana bayan yarinya,
Fuska duhu za ta yi gaba ɗaya,
Ko wane gilashi ka saya,
Kai ne za ka tashi ka juya,
Shi ba zai matsar maka da fitila ba.

Mai Son Tsuntsaye

Na yarda ɗaki ba nawa ba ne,
Lissafin ɗan'uwana daidai ne,
Amma ƙanena, lokaci ne,
Tana fara gudu za ka zo kana tambayowa.

Ɗan Koyo

Manyana na dawo bayan kwana 7,
Salatif na nan liƙe a gilashina.

Na buɗe EXIF na bi ɗaya bayan ɗaya,
Tsakanin 30 da 40 mafi yawan hotunana.

55 jefi-jefi na leƙa shi,
Tsuntsu kuwa babu ko ɗaya a tarina.

Sau biyu a makon na so in faɗaɗa,
Na ja baya taku uku, ya biya buƙatuna.

Sau ɗaya wuri ya ƙure na haƙura,
Don haka tsohon zai ci gaba da zama a gefena.

Na tsai da shawara kan 35 mai f/1.8,
Na duba mahaɗi, ya dace da na wurina.

Yaya Mai Son Tsuntsaye, dogon ya jira ni,
Har 'yata ta fara gudu ta wuce ganina.

Malam, jiya na ɗauke fitilar,
Daga bayan kujera ta koma bayana.

Da tsohon gilashin ma fuskar ta fito,
Ƙafafun ne har yanzu ke rawa a hotona.

Gobe in Allah ya kai mu zan je in gwada shi,
In ɗaura, in ɗauka, in duba da idona.

Yanzu hawa kujera ta fara koyo,
Wannan karon ina so ya same ni da shirina.