Ina ake samun tsofaffin faya-fayan CD na makaɗan fada a Sakkwato?

Na Gawon Nama:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi harkar faifai tun ana yayinsa.

Mahaifina ya haura saba'in, ido ya fara rauni, kuma ba ya ga maciji da wayar shafa. Abin da ya sani shi ne tsohuwar rediyonsa mai cin faifai da ya zo da ita daga aikin Hajji. Na taɓa zuba masa waƙoƙi a memori, ya ce shi ba ya son abin da ba zai riƙe a hannu ya san wane ne a ciki ba. Jankiɗi yake so, da Ɗanƙwairo, da Narambaɗa.

Ranar Asabar na shiga Tsohuwar Kasuwa neman wayar dutsen guga, sai na ga wani mai kayan gwanjo ya baza tsofaffin rimot da caja, a gefe kuma kwalin taliya cike da faya-fayai, ƙura ta yi musu rawani. Ya ce ɗari biyu-biyu. Na ce kwalin duka fa? Ya ce dubu shida. Na taya dubu biyu, ya ce albarka. Sai da na kai bakin layi ya kira ni, muka daidaita a dubu uku, har da gyaran kaset biyu. Faifai 43 na ƙirga. Na hau kabu-kabu ina jin na ci kasuwa.

A gida ne ido ya raina fata. Guda 12 kawai suka yi magana. Wasu rediyon ta yi ta juya su ƙir-ƙir ta yi shiru. Wasu su fara lafiya lau, sai an kai waƙa ta biyar ko ta shida su kama in'ina. Akwai wanda aka rubuta Ɗanƙwairo a kansa da maka, ashe kamun amaryar wasu ne. Baba ya yi dariya har da tari.

Amma guda ɗaya Jankiɗi ne na gaske. Muryar kamar daga cikin rijiya, taushin sai ka kasa kunne. Baba ya yi tsit, can sai ya fara faɗa mini wane ake wasawa, ɗan wane ne, wace sarauta ya riƙe. Rabon da ya yi mini doguwar hira haka tun kafin rasuwar Inna.

To ina zan ƙara samun irinsu? Kuma yaya ake gane mai rai tun a gaban mai kaya?

Tsohon mai kaset:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi yi maka albarka da wanga hidima. Na yi shekaru ina sai da kaset da faifai ga Babbar Kasuwa, bari in gaya maka abin da mai kaya ba ya gaya maka.

Kada wani shi ce maka yana da "orijina" na waɗanga mutane. Jankiɗi ya rasu 1973, Ɗanƙwairo 1991, lokacin CD bai shigo kasuwarmu ba. Gidajen rediyo da faifan garmaho sunka riƙe muryoyinsu, daga nan anka juye ga kaset, daga kaset munka juye ga CD. Kwafin kwafi na, shi ya sa kaj ji murya kamar cikin rijiya.

In ka ɗauki faifai, birkice shi. In bayan fari na kamar azurfa, bugun kamfani na, shina daɗewa. In shina ɗaukar kore ko shuɗi, na kwamfuta na, wani rini na ciki wanda zafi da rana ke kashewa. Ka san Sakkwato ga watan Afrilu, zafi shina wuce digiri 40, ga kaya baje bisa buhu tun hantsi har la'asar. Mi kake tsammani?

Sannan ka ɗaga shi ga rana ka duba. In ka ga haske na ɓullowa ta 'yan ƙananan huji kamar bakin allura, aje shi, ya mutu. Mutane na tsoron karce na ƙasa, alhali na sama, gefen rubutu, shi ne mugu, don waƙar tana nan dab da fentin. Na ƙasa in bai yi zurfi ba a kan goge da ɗan makilin da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa.

In'inar da kac ce kuwa, faifai daga tsakiya shike fara karatu shi ƙare ga baki, kuma bakin ne hannu da ƙasa ke ci. Don haka in za ka gwada, waƙar ƙarshe za ka fara sawa. Tahi da rediyon Baba da batir, mai kaya na ƙwarai ba ya hana ka.

Mai gyara, Bello Way:

Baba mai kaset ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: yaya, kar ka zubar da sauran 31 ɗin. Faifan waƙa na ainihi minti 80 yake ɗauka, ba ya wucewa. Duk wanda ka ga an jera masa waƙa hamsin ko ɗari a bango, MP3 ne, kuma tsofaffin rediyoyi da yawa ba sa karanta shi. Wasu kuma VCD ne na kallo. Gwada su a DVD ko kwamfuta. Ita ma rediyon a goge mata ido, ƙurar hunturu ba ta barin kowa.

Ɗan Mabera:

Ni dai ban ga abin wahala ba. Masu tura waƙa a waya sun cika gari, ka ba da 'yan canji a cika maka memori. Saya wa Baba 'yar rediyo mai memori a huta.

Maman 'yan biyu, Runjin Sambo:

Ɗan Mabera, ba ka zauna da tsoho ba, ai ya ce an gwada. Kuma je ka wurin masu turawar ka ji, waƙoƙin da kowa ya sani su ne dai a hannun kowa, wasu ma an datse su a tsakiya.

Malam Na Gawon Nama, ni a ganina gidaje sun fi kasuwa. Da za mu tashi daga tsohon gidanmu na Ƙofar Marke, cikin adakar kakarmu muka tarar da kaset sun fi talatin, naɗe cikin zane, ba abin da ya same su. Saura kaɗan yara su ba 'yan gwangwan. Ka tambayi tsofaffin direbobi a tasha, da abokan Baba na majalisa. Babbar Kasuwa kam kada ka sa rai sosai, masu faifan sun koma sayar da caja da iyafis tun kafin gobarar Janairun 2021.

Na Gawon Nama:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na kai ragowar wurin maƙwabcina mai kwamfuta, guda 9 suka tashi, duk MP3 ne kamar yadda mai gyara ya ce. Mun fara juye su zuwa faifan da rediyon ke karantawa, na kuma ajiye kwafi a filas. Bakwai na ɗaga a rana, huji kamar rariya, na ba yara suna wasa.

Yanzu Baba ya taso da sabuwa, wai Ɗan Anace yake so, na damben Shago. Baba mai kaset, in akwai ko da kaset ne a ajiyarka, zan zo har gida da rikodata in kwafa, ba sai ya bar hannunka ba.

Tsohon mai kaset:

Akwai guda biyu, ɗaya zaren ya taɓa tsinkewa na ɗaura shi da salatif. Taho bayan sallar Juma'a, ka riƙo biro na juya zare.