Abuja: jar ƙasa ce ko sunan sarki?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum, jama'ar gida. Don Allah a raba mana gardama. Jiya an yi gasar kacici-kacici a makarantar su Hanifa a nan Kubwa, aka tambayi asalin sunan Abuja. Ta ce sunan wani sarki ne, Abu Ja, kamar yadda kakanta ya gaya mata. Malamin ya ce ba ta ci ba, wai "abu ja" ne, saboda jar ƙasar wurin. Da maki ɗaya ajinsu ya faɗi. Yarinyar nan ko tuwo ba ta taɓa ba, tana kwance da kayan makaranta a jikinta har bayan isha'i.

Sadiƙu: Wa alaikumus salam, Yaya. Ki ba ta haƙuri, amma ni ina bayan malamin. Duk mai aikin gini a garin nan ya sani, ka tona rami a Gwarinpa ko Lugbe, ƙasar jawur take fitowa. Farar motata in ta je wurin aiki sai ta dawo kamar an shafa mata manja. Sunan ya dace da wurin.

Kawu Bala: Sadiƙu, dacewa daban, asali daban. Ni a Suleja aka yanke mini cibiya, kuma takardar haihuwata Abuja aka rubuta, tun Gwarinpa tana daji. Yarinyar nan gaskiya ta faɗa.

Sadiƙu: Allah ya ja da ran Kawu, to a warware mana.

Kawu Bala: Zamanin jihadin Shehu, Malam Musa ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa ya sauka wajen Zuba. Ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a yaƙin Lapai a 1825. Ƙaninsa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Shi ya sa har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinmu. Da gwamnatin Murtala ta kafa dokar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, sunan garinmu aka ɗauka aka ba shi. Mu kuma aka mayar da namu Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau. Abin da ke ci mini rai ke nan, mun ba da suna da hannunmu, yau ana koya wa jikokinmu cewa daga turɓaya ya fito.

Hajiya Ladidi: Ga ma shaida a jakar kowa. Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya. A cibiyar tukwane ta Abuja ta yi aiki tun 1954, kuma cibiyar a Suleja take. Shekara 22 ke nan kafin dokar Murtala.

Sadiƙu: Na ji ta Abuja. Amma Suleja fa? Na taɓa jin wani dattijo a tashar Zuba yana cewa daga sule ne, kuɗin da.

Malam Iliya: A'a, ƙanena, kama ce kawai ta zo ɗaya. Sulen kuɗi aro ne daga shilin na Turawan Ingila, kamar yadda sisi da kwabo suka shigo bakinmu, kuma an daina kashe shi da zuwan naira a 1973. Sulen mutum gajarta Sulaimanu ne, kamar Abu da Abubakar. Inda nake da ja da Kawu shi ne kan ita "ja" ɗin. Kawu, me take nufi a wurinku?

Kawu Bala: Farin mutum ne, jawur da shi. Haka muka ji daga iyayenmu.

Malam Iliya: Ni kuwa na fi karkata ga cewa Jatau aka gutsure. Mahaifinsu Sarkin Zazzau Isiyaku Jatau ne. Abu Jatau, baki ya gajarta ya koma Abu Ja. Bahaushe ya saba jingina ɗa ga ubansa.

Kawu Bala: To me ya sa ba a ce Makau Ja ba? Ai ubansu ɗaya.

Malam Iliya: Makau ya riga ya sami laƙabinsa, Muhammadu ne sunan yanka. Abu kuwa sun yi yawa a kowane gida, dole a bambanta.

Hajiya Ladidi: Ku tsaya, shi kansa Jatau wa ake kira da shi? Ai yaron da aka haifa fari ne, mu a gidanmu haka ake yi. Ko ta uba aka bi ko ta ɗa, launin fatar mutum ake magana, ƙasa ba ta shigo ciki ba.

Kawu Bala: Duk da haka ban sauka ba, Hajiya. Kirarin mutum nasa ne, ba na ubansa ba.

Anti Saratu: Ni roƙona ɗaya, in za a gyara wa yara, a gyara duka. Sunan na Zazzagawa ne, ba musu. Amma ƙasar da aka gina birnin a kai, kakannin mijina Gbagyi suna nomanta, da su da Koro da Gade da Gwandara, tun kafin a san za a taso daga Legas a 1991. Aso ma da ake kiran dutsen fadar shugaban ƙasa kalmarsu ce. Yarana sun san sunan kowane titi a Maitama, amma ba su taɓa jin wannan a aji ba.

Kawu Bala: Gaskiyarki, Saratu. Su Makau ma mutane suka tarar a wurin.

Maman Hanifa: Na karanta mata duka, ta tashi zaune tana tambaya ko za a mayar musu da makinsu. Kawu, ranar Litinin ƙarfe 8 zan je wurin shugaban makarantar. Don girman Allah ka zo mu tafi tare.

Kawu Bala: In sha Allahu. Ki ce mata ta ci abinci. Zan taho da takardar haihuwar tawa, tana cikin akwati.