Öffentlichkeit: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da wannan kalma ta Jamusanci. Jürgen Habermas, masanin falsafa da aka haifa a Düsseldorf ta Jamus a 1929, a kanta ya gina littafinsa na 1962. Nufinsa shi ne fagen da mutane ke haɗuwa, ba cikin gida ba, ba ofishin hukuma ba, su yi ta gardama kan sha'anin mulki har ra'ayin jama'a ya fito. Ya yi misali da gidajen shan kofi na Landan a ƙarni na 18, inda ɗan kasuwa ke ja da mai sarauta kan abin da jarida ta buga, hujja ce ke rinjaye, ba muƙami ba.

An kawo "bainar jama'a". Ai ɓarawo ma a bainar jama'a ake zane shi, kallo ne kawai, babu magana. "Zaure" kuwa yana da mai gida.

Wani malami daga Damagaram ya ce "fada", tunda a Nijar haka ake kiran zaman samari masu shayi suna tsinkar siyasa. Allah gafarta malam, ma'anar ta dace, kalmar ce matsala. Bakano ya ji fada, sarki da dogarai zai hango, alhali wannan shi ne abin da Habermas ya ce an baro: zamanin da sarakunan Turai ke fitowa su nuna alfarma, talakawa na kallo. Ba za mu raɗa wa abu sunan kishiyarsa ba.

Ni dai na tsaya a kan "dandalin mahawara". Dandali na kowa ne, mahawara kuma ta raba shi da na gaɗa.

Wata 'yar'uwa ta ce ba kowa ne ya shiga gidajen kofin nan ba, mata da talakawa na waje. Gaskiyarki, Hajiya, sukar da Nancy Fraser, masaniyar falsafa 'yar Amurka, ta yi wa Habermas ke nan a 1990. Amma wannan laifin tarihin ne, kalmar ba ta hana kowa shiga ba.

A kula dai kada a haɗa shi da dandalin sada zumunta. Facebook na da mai shi, shi ke zaɓen abin da za ka gani, kuma Habermas kansa ya koka kan yadda irin waɗannan kafafe ke rarraba jama'a a littafinsa na 2022. Mai kalmar da ta fi tawa ya kawo, amma da hujjarsa.