Hoton ƙwaƙwalwar Alhajinmu ya nuna fararen tabo, a taimaka mana da shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Admin don Allah a sakaya sunana.

Mahaifinmu shekarunsa 68, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 tun kafin a haife ni, gidanmu kuma yana Agege. Ya daɗe da hawan jini, amma irin shan maganin nan yake yi na sai kai ya sara. Bara da damina ya tashi wata safiya hannunsa na dama ya yi nauyi, magana tana ɗan sarƙewa. Mai kemis ya ce gajiya ce da maleriya, ya haɗa masa magani, cikin 'yan kwanaki kuwa ya warware, muka manta da zancen.

To tun daga nan Alhaji yake canzawa a hankali. Mutumin da za a sauke tirela guda ya faɗa maka kuɗin buhunan da la'adar kowa bai taɓa biro ba, yanzu sai ya ƙirga kuɗi ya ajiye, ya sake ɗauka ya ƙirga, sannan ya tambaye ni nawa ya ce. Bai manta sunayenmu ba, bai taɓa ɓatan hanya ba, labarin zamanin Shagari ma tiryan-tiryan zai ba ka. Amma tafiyarsa ta koma gajerun taku, yana jan silifa a ƙasa, fitsari yana matsa masa, kuma hira ta fita daga ransa. Majalisar bayan la'asar ma ya daina zama.

Wani likita ya tura mu hoton MRI. Takardar sakamako ta ce cutar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, mataki na 2 a ma'aunin Fazekas, da wani tsohon gurbi ƙarami a ɓangaren hagu. Da na ɗaga fim ɗin a hasken taga sai ga fararen tabo a tsakiyar kai, dama da hagu. Likitan ya rubuta asfirin da maganin hawan jini, amma layi ya yi masa yawa, bai zauna ya yi mana bayani ba.

Yanzu kan gida ya rabu. Yayanmu na Kano ya ce jifa ne daga abokan kasuwa, a kai shi gida a yi masa ruƙiyya. Ƙanwata ta ce a sake hoton a injin da ya fi girma. Wani maƙwabci ya ce a ƙara masa kilofidogirel, wani maganin tsinka jini, a kan asfirin ɗin. Ni dai tambayata, gigin tsufa ne ya fara? Tabon yana gogewa? Me za mu sa a gaba?

Maman Hanifa: Allah sarki Baba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Likita Bazazzagi: Wa alaikumus salam ƙanina. Ban ga Baba ba, don haka bayani kawai zan yi, hukunci yana hannun wanda ya duba shi.

Manyan jijiyoyin jini suna bin ƙwaƙwalwa ta waje, daga jikinsu ƙanana suke ratsawa can ciki, da yawansu kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Ka ɗauka manyan su ne titin Ikorodu, ƙananan kuma lungunan unguwa, kowane lungu shi kaɗai ne hanyar shiga gidajen da ke cikinsa. Hawan jini na shekara da shekaru yana sa bangonsu ya yi kauri ya ƙandare, hanyar jinin ta tsuke. Naman da ya wahala saboda haka shi ne yake fitowa fari a hoto. Inda guda ta toshe gaba ɗaya kuma, wurin ya mutu ya bar gurbi, yawanci milimita 3 zuwa 15. Lura da wannan: gurbin Baba yana hagu, hannun da ya yi nauyi na dama ne, kuma hagun ƙwaƙwalwa shi yake juya daman jiki. Ina da zato mai ƙarfi abin da ya same shi bara ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce. Kusan 1 cikin 4 na shanyewar da toshewar jijiya take kawowa irin wannan ce.

Ma'aunin Fazekas daga 0 zuwa 3 yake, wani likitan ƙasar Ostiriya mai wannan sunan ne ya fito da shi a 1987. Mataki na 1 ɗigo-ɗigo ne, na 2 sun fara haɗewa, na 3 sun haɗe sun yi faɗi. Ganin tabon kaɗai kada ya ɗaga maka hankali. A Rotterdam ta ƙasar Holan an ɗauki hoton mutum sama da 1,000 masu shekara 60 zuwa 90 waɗanda ba su da gigin tsufa, fiye da 9 cikin 10 an ga wani abu na tabon a kansu. Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba, da aka tattara bincike masu yawa a 2010 an ga masu tabo da yawa haɗarin shanyewa a wurinsu ya ninka kusan sau 3, na gigin tsufa kusan sau 2.

Abubuwan da ka lissafa, nauyin lissafi, gajerun taku, matsin fitsari, mutuwar sha'awa, su ne fuskar wannan cutar sak. Cutar Alzheimer, wadda ta fi kowace kawo gigin tsufa, ta fi farawa da manta abin da ya faru ɗazu, ko da yake a tsofaffi sukan haɗu su biyun. Kuma da hoto ba a cewa mutum yana da gigin tsufa. Zama ake yi da shi a gwada tunaninsa, a ji daga bakinku abin da yake iya yi wa kansa. Akwai gwajin MoCA mai maki 30, amma yana ƙwarar wanda bai yi boko ba. In Baba allo ya yi, ku faɗa wa likita, akwai wani gwajin mai suna IDEA da aka tsara don irinsu, an jarraba shi a Najeriya da Tanzaniya. A duba suga, ƙoda, kitsen jini, bitamin B12 da maƙoƙo, a kuma tambayi damuwa, domin wasu cikin waɗannan suna dagula tunani kuma suna da magani. Ku nemi takardar turawa zuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH Idi-Araba da LASUTH Ikeja.

Batun gogewa, babu maganin da aka tabbatar yana wanke tabon. Abin da ake iya yi shi ne taka masa birki. A binciken SPRINT MIND na Amurka da ya fito a 2019, mutum sama da 9,000 aka raba gida biyu, wasu ana neman lambar sama ta awon jininsu ta sauka ƙasa da 120, wasu ƙasa da 140. Na farkon raunin tunani ya ragu a cikinsu da kusan kashi 19 cikin 100, kuma da aka sake hoton wasunsu tabon bai ƙaru kamar na ɗaya ɓangaren ba. Amma ba a sa masu suga ko waɗanda suka taɓa shanyewa a ciki ba, saboda haka kada ku kama lambar 120 da kanku. Ga irin Baba ƙasa da 130/80 aka fi nema, likitansa zai yanke.

Ɗan Alaba Rago: Likita duk mun ji, amma maganin Bature in ka fara ba ka dainawa, jiki sabawa yake yi. A ba shi zoɓo da tafarnuwa kullum, ni su nake sha.

Likita Bazazzagi: Alhaji, ba sabo ba ne, cutar ce ba ta tafiya. Magani danne ta yake yi, ranar da aka ajiye shi ta taso. Zoɓo marar sukari yana ɗan sauke awo, ban hana ba, amma bai isa ya tsaya wa wanda ya riga ya samu gurbi a ƙwaƙwalwa ba. Kai ma yaushe rabonka da awo? Hawan jini galibi ba ya sa ciwon kai, shi ya sa masu jiran kai ya sara suke makara.

Anti mai famasi: Ɗana, maganar maƙwabcin nan a bar ta. An gwada ainihin wannan a binciken SPS3, mutum 3,020 masu irin wannan ƙaramar shanyewar, sakamako ya fito a 2012. Haɗa kilofidogirel da asfirin na tsawon lokaci bai rage dawowar ciwon yadda za a ce an ci riba ba, sai zubar jini mai tsanani da ya kusa ninkawa, mace-mace ma suka ƙaru. Likitoci suna haɗa su ne na kamar sati 3 kacal daidai lokacin da abin ya faru, ba bayan shekara ba. Sannan ka binciki aljihun Baba da durowar rumfa. 'Yan kasuwarmu akwai su da haɗin ciwon jiki, kuma dikilofenak da ibufurofen suna ɗaga hawan jini, suna taɓa ƙoda, in suka haɗu da asfirin kuma su ci ciki.

Malamin Islamiyya, Obalende: Yayanku ba sharri ya nufa ba, ku lallaɓa shi. Ruƙiyya da addu'a ba sai an je Kano ba, a ɗakinsa ma za a yi. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, don haka zuwa asibiti ma bin umarni ne. Abin da nake jin tsoro shi ne zargin abokan kasuwa ba hujja, wannan zato ne, kuma yakan raba zumuncin shekara talatin. A yi tofi, a sha magani a kan lokaci.

Mai ɗaukar hoto, Ikeja: Aikina ke nan, bari in sa baki a maganar ƙanwarka. Da tesla ake auna ƙarfin injin MRI. In a inji mai ƙarfin tesla 1.5 aka yi, ya wadatar, mai tesla 3 ba zai canza maganin da za a ba shi ba. Kuɗin hoto na biyu gara a sayi na'urar awo da maganin wata da watanni. Ku koma inda aka ɗauka ku karɓi hoton a faifan CD, likitan ƙwaƙwalwa ya fi son ya gani da idonsa a kwamfuta. Ku kuma tambaya ko an yi ɗaukar da ake kira SWI, ita ce take nuna ƙananan ɗigon tsohon jini, baƙaƙe suke fitowa. In akwai su da yawa likita yana son ya sani kafin ya tsayar da maganin tsinka jini.

Lokacin da hoto ya zama dole cikin gaggawa shi ne in baki ya karkace, ko hannu ya faɗi, ko magana ta rikice farat ɗaya. A nan wani hoton kai da ake kira CT ake fara yi, 'yan mintoci ne, ya nuna fashewa ce ko toshewa. Kada a ɗura masa komai a baki, har asfirin, kafin a gani. Allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi take aiki, kuma ba kowane asibiti yake da ita ba. Kun san gosulon Legas, to tun yanzu ku san asibitin da ya fi kusa da gida da wanda ya fi kusa da kasuwa mai CT dare da rana. Lambar gaggawa 112 ko 767.

Hajiya Mai Waina: Ni nas ce da na yi ritaya, kuma na yi jinyar mahaifiyata da irin wannan. Dakta ya kawo na Turawa, ga namu na gida. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya duba masu shanyewa 2,118, aka buga a 2018. Kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin shanyewa, hawan jini ne ya ɗauke shi, kuma kusan 1 cikin 3 na shanyewar fashewar jijiya ce. Cikin abubuwan da suka lissafa har da barbaɗa gishiri bayan an zuba abinci, cin nama kullum, da ƙarancin ganye. Wannan ai mu ake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa dunƙule huɗu a miya, ga kanwa a kuka, ga yajin tsire da kilishi da dare. Duk gishiri ne a ɓoye.

A rage a tukunyar gida gaba ɗaya. In aka ware masa tasa lami zai ce an raina shi, ya aika yaro wajen mai balangu. Daddawa, albasa da citta su rufe gurbin, a yawaita zogale, rama da alayyafo.

Kuma don girman Allah kada ku zaunar da shi a gida ku ce hutu. Mu da muka yi wa Inna haka, cikin wata kaɗan ta ƙara shiru. Ya riƙa zuwa kasuwa ko da rabin yini ne, ya yi ciniki da baki, kai ka riƙe littafi da kuɗi, kuma kada ka gyara masa lissafi a gaban mutane. Ya taka zuwa masallaci da ɗan rakiya. Silifan nan a canza masa takalmi mai kama dunduniya, a ɗauke tabarmar da ke naɗewa a hanyar bayi, a bar fitila da dare.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Yaya maganar Malam, ya ɗan sauko. Anti kin yi gaskiya, na samu haɗin a aljihun babbar rigarsa. Na auna shi yau da na'urar maƙwabci, irin ta wuyan hannu, ta nuna 172/98. Ita zan saya ko akwai wadda ta fi?

Anti mai famasi: Ta damtse za ka saya, ta wuyan hannu tana yawan kuskure. Ka tabbata maɗaurin ya yi daidai da kaurin hannunsa, in ya yi masa kaɗan awo zai fito sama da gaskiya. Ya zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, hannu a kan tebur, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan. Safe da yamma, sau biyu-biyu, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Wannan 172 ɗin kada ka jira ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ka mayar da shi wurin wanda ya rubuta maganin cikin satin nan a duba ko za a ƙara. Ka zuba duk abin da yake sha a leda ɗaya ka tafi da shi, har na gargajiya da haɗin da ka samu.