Neman shawara: in sa Ihsan a nazaren majami'ar Yahudawa?

Maman Ihsan, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ina aikin kula da wata tsohuwa a Riverdale, takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Ihsan shekararta biyu da rabi, kuma 3-K ɗin da gwamnatin New York ke bayarwa kyauta ba a ɗaukar yaro sai a shekarar da zai cika uku. Baiwar Allahn da ke riƙe min ita za ta koma Kumasi ƙarshen wata. 'Yar tsohuwar nan ce ta ce akwai nazare a majami'arsu, nan bayan layin, kuma suna karɓar yaran da ba Yahudawa ba. Na leƙa. Wuri tsaf, malamai biyu a aji, na tarar an ba kowane yaro curin kwaɓin fulawa yana kitsa shi, gari har a gira. Raina ya so wurin, ba zan ɓoye ba. Babanta ya ce in tambayi waɗanda suka sani. Surukata kuwa daga Kano cewa ta yi, "Makarantun duniya sun ƙare ne?" Akwai wanda ya taɓa sa ɗansa a irinta?

Hajiya Bilki, Maryland:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Autana ya yi irinta kafin ya shiga firamare. Fara da tambayar wace majami'a ce, don ba ɗaya suke ba. Akwai Reform, akwai Conservative, akwai Orthodox. Na farkon biyu su suka fi ɗaukar yaran waje. Na Orthodox addini ya fi yawa a darasinsu. Kuma Yahudawa ba mutanen wa'azin jawo wani cikin addininsu ba ne, ni dai ba wanda ya taɓa yi min ko da shaguɓe. Amma makarantar addini ce, kar ki yaudari kanki. Duk Juma'a da safe ana tara yara a yi musu kwaikwayon shigowar Asabar, ranar hutu da ibadarsu: a kunna kyandir biyu, a zuba ruwan inabi a ƙananan kofuna, a yi addu'a da Ibrananci a kan wannan kitsattsen burodin da kika gani, a yi waƙa. Yaro kuma ba ya jin waƙa ya bar ta a makaranta. Nawa ya taɓa gaishe da kakarsa a waya da "boker tov", tsohuwa ta ce me aka yi wa bakin yaron nan.

Abin da ya fi ba ni wuya ba wannan ba ne, kalanda ce. Satumba da Oktoba hutu ne a kan hutu: Rosh Hashanah kwana biyu, Yom Kippur, sai Sukkot da bukukuwan da ke bin bayansa. Maris ko Afrilu a rufe saboda Idin Ƙetarewa, wanda kwana bakwai ne a wurin wasunsu, takwas a wurin wasu. Sannan Asabar ɗinsu da faɗuwar ranar Juma'a take shiga, a Disamba kuwa rana na faɗuwa a New York wajen huɗu da rabi, shi ya sa da yawa ke tashin yara da wuri ranar Juma'a. Ke da kike tashi huɗu, wa zai ɗauko ta? Karɓi kalandar shekara kafin ki biya ko sisi.

Malam Sani, Houston:
Maman Ihsan, Allah ya raya ta. Batun abinci da sauƙi. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, kuma su ma ba sa cin alade, ba sa cin jini. Sai dai giya ba haram ba ce a wurinsu, don haka ki tabbatar abin da ake ba yaran ruwan inabi ne zalla. Inda hankalina bai kwanta ba shi ne addu'o'in. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke karkata shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma awa takwas a rana ba wasa ba ne. In da hali, ki fara zagaya masallatan Bronx ko akwai 'yar'uwa mai lasisin renon yara a gida. In babu sai wannan, ki roƙi malamai kar a sa ta maimaita addu'ar, ke kuma ki riƙe mata Bismillah da Fatiha da addu'ar barci a gida.

Hajiya Bilki:
Malam, gaskiya ka faɗa, sai dai yaro ɗan shekara biyu ba a ware shi gefe ana raba burodi, kuka zai yi ta yi. Abin da na yi, na gaya wa malamarsa mu Bismillah muke cewa. Da kanta take tuna masa kafin ya ci.

Anti Rabi, Bronx:
Ni ta kwanon abinci zan shigo, don na yi aikin kicin a irin wurin nan. Ba sa haɗa nama da madara, saboda haka makarantu da yawa sun hana a kawo nama daga gida kwata-kwata, ko da na halal ne. Ba kaza, ba kilishi, ba dambun nama. Kifi sai mai ɓawo a jiki irin su salmon. Tarwaɗa ba ta shiga. In za ki yi alale kar ki kuskura ki zuba garin jatan lande, shi ma haram ne a wurinsu. Gyaɗa kuma yawancin makarantun yara a ƙasar nan sun hana ta saboda yaran da jikinsu ba ya karɓarta, to ki manta da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa. Ƙosai, dafaffen ƙwai, shinkafa da wake da mai, taliya da cuku, soyayyen dankali, duk suna wucewa lafiya. In suka ce abin rabawa a aji sai na kanti mai tambarin kosha, wato halal ɗinsu, nemi harafin U a cikin da'ira a jikin leda.

Baban Faruk, Newark:
Kowa na kewaye-kewaye, bari in faɗa. Yawancin majami'un nan akwai tutar Isra'ila a ciki, kuma a Afrilu ko Mayu makarantu da dama na yi wa yara bikin ranar kafa ƙasar, a sa shuɗi da fari, a zana tuta. Da abin da muke gani a Gaza, ni ba zan iya ganin 'yata ta shigo min gida da wannan tutar ba. Ban ce malaman mugaye ba ne, kuma na san Yahudawan kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan maganar. Amma ki tambaya ƙiri-ƙiri, kar ki bari sai ranar ta zo.

Malama Hadiza, Harlem:
Tambayar Baban Faruk tana kan hanya, kuma kina da damar barin ta a gida a ranar. Ni malamar nazare ce, ga abin da nake dubawa a kowace makaranta, ta masallaci ce ko ta coci. Ki ce a nuna miki takardar izinin Ma'aikatar Lafiya ta birni. Ki tambayi shekara nawa malamar ajin ta yi a wurin. Inda malamai ke yawan sauyawa, yara ne ke shan wahala. Ki zauna ki ga yadda ake rarrashin mai kuka da yadda ake canza kunzugu.

Mai gadin da ake gani a ƙofar irin wuraren nan kuma ba ado ba ne. Tun harin da aka kai majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoba 2018, inda aka kashe mutum 11, suka tsaurara tsaro, kuma wasu na ɗora kuɗin a kan kuɗin makaranta. Ki nemi jimillar a rubuce, don 'yan majami'a kan samu ragin da ke ba za ki samu ba. Tambayi tallafi, ba abin kunya ba ne. Ki gwada Early Head Start ma, shirin gwamnati ne na 'yan ƙasa da shekara uku, kyauta ga wanda samunsa bai wuce ƙa'ida ba. Kuma ko me kika yanke, ki cike mata 3-K a MySchools, shafin neman gurbin makarantun birni, da an buɗe a lokacin sanyi.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na kira shugabar makarantar. Conservative ce. Ta ce akwai wasu yaran Musulmi, ba a tilasta wa kowa addu'a, kuma bikin tutar suna yi, amma in na ga dama in bar ta a gida. Malam, na bi shawararka na tambaya a masallacinmu, mai renon da suka sani wurinta ya cika, na dai bar sunana. Babanta ya ce a sa ta zuwa lokacin 3-K, da sharaɗin islamiyyar Lahadi. Saura guda: ranar Juma'a ƙarfe biyu da rabi suke tashi daga Nuwamba.

Anti Rabi:
Wannan bar min. Juma'a ba na aiki. Ki ba su sunana a jerin masu ɗaukarta, don ba za su miƙa min ita ba sai da katin shaida. Ki haɗo min da kayan canji da abin shanta, ki same mu a gida in kin tashi.