Masu kiwon kajin Brahma, kowa ya faɗi abin da ya gani

Salam 'yan uwa. Wata biyar kenan da na ɗauko 'yan tsakin Brahma guda goma, sun yi girma masha Allah, gashi har ƙafa, amma har yau ko ƙwai ɗaya ban gani ba, abinci kuwa suna cinsa kamar me. Don Allah waɗanda suka riga ni ku faɗa min yadda naku suka yi.

— Wa alaikumus salam. Hajiya ki kwantar da hankalinki, nawa sai da suka shiga wata na bakwai sannan ta farko ta saka, wata ma ta kusa wata takwas. Ba burola ba ne da za a yanka a sati shida ko bakwai, su ƙashi suke fara ginawa tukuna sannan nama ya biyo baya. Zakaran da na yanka yana da wata goma ya haura kilo biyar, naman na da ɗan tauri sai an ba shi lokaci a wuta, amma ɗanɗanon kam ba a magana.

— Ni abin da ya ba ni wahala ƙafarsu ce wallahi. Na kafa musu sandar kwana sama sosai kamar yadda nake yi wa ƙananan kaji, to da safe in sun diro da wannan nauyin sai ka ji tim, kwana biyu na ga babban zakarana yana ɗingishi, da na ɗaga ƙafar sai ga kumburi a tafin da wani baƙin ɓawo a tsakiya, tausayinsa ya kama ni don ko wajen abinci da ƙyar yake zuwa. Na sauke sandar ta dawo kamar tsayin gwiwa, na zuba dusar katako mai kauri a ƙasa. Sannan gashin ƙafar nan in akurki ya jiƙe yana kwasar caɓi da kashi ya dunƙule, dole a riƙa dubawa.

— Gaskiya ne Malam. Ku kula da kwanci kuma, tawa ta hau ƙwai 12, kafin kwana 21 su cika ta fasa huɗu, ba mugunta ba ce nauyi ne kawai. Yanzu ƙaramar kaza nake sa wa ƙwan ta ƙyanƙyashe min.

— Zafi fa? Nawa da rana ta take sai su buɗe baki su saki fukafukai, ƙwan ma ya ragu, amma lokacin sanyi da sauran kaji suka ja baya su kam suna ta sakawa. Inuwa da ruwa mai sanyi kar su yanke. Kuma Hajiya ki rage musu tsabar hatsi, in kitse ya rufe su ba sa saka yadda ya kamata.

— Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sandata ma tana sama, yanzu zan je in sauke ta kafin magariba su hau.