Tambaya kan lissafin masai da wurin fitsari a dokar IPC

Assalamu alaikum injiniyoyi da masu zanen gini. Ina aikin zanen wani bene a Amurka da dokar IPC (International Plumbing Code, dokar aikin famfo a gine-gine) ta 2018. Sama ofis ne mai mutum 130, ƙasa gidan abinci mai mutum 90, banɗakinsu ɗaya.

Na raba kowane adadi biyu, maza da mata, kamar yadda sashe na 403.1.1 ya ce. Maza 65 na ofis: 50 na farko masai 2, ragowar 15 a kan 50 (masai ɗaya ga kowane mutum 50) ya ba da 0.3. Maza 45 na gidan abinci a kan 75 (masai ɗaya ga kowane mutum 75), wato 0.6. Jimla 2.9, na cika ta zama 3. Nan ba matsala.

Inda na cije shi ne wurin fitsari. Dokar ta yarda ya maye gurbin masai har kashi 67 cikin ɗari a wurin taro (kamar gidan abinci) da makarantu, kashi 50 a sauran (kamar ofis). Da 67 zan sa wurin fitsari 2, da 50 kuwa 1 kawai, kuma ɗakin ƙarami ne, ƙarin masai zai cinye hanyar keken guragu. Wanne ake bi idan banɗakin na haɗaka ne? Don Allah wanda ya taɓa wucewa da irin wannan zane gaban mai duba gini ya taimaka mini.